Gidan Sayarwa, Ba Dillali

Da hannunta ta rubuta allon. Ta samo guntun katako a rumfar marigayi mijinta, ta tsoma tsinke a ragowar fenti, ta rubuta: GIDAN SAYARWA, BA DILLALI. Haruffan ƙarshe suka matsu don wuri ya ƙare mata, amma ko a jikinta. Ta taka kujera, gwiwoyi na ƙara, ta ɗaure shi a jikin get da waya. Maƙwabcin da ya ce ta kawo ya taya ta, harara ya samu.

Ai ba banza aka sa mata Ni-da-kaina ba. A gaban idonta Gwaggo ake ce mata, kowa da ladabinsa, amma tana ba da baya sai ka ji an ce, "Ni-da-kaina ta wuce." Tela ce, a kan keken ɗinki ta tsufa, kuma har yau ba ta yarda wani ya zura mata zare a allura ba. Gara ta yi ta lalube a bakin taga tana tsaki har zaren ya gaji ya shiga.

Dalilin sayarwar kowa ya san shi. Gidan ya yi mata yawa. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse, ɗakuna biyu sun koma na gizo-gizo, in kuwa aka yi ruwa sai ta jera bokitai a falo. Autarta, wadda ke aikin jinya, ta samo mata wani ɗan gida kusa da asibitinsu, babu bene babu matakala. Mai gidan ya ce zai jira, amma fa ba har abada ba.

Allon bai wuni ba dillalai suka fara sallama, sai ka ce shela aka yi musu.

"Gwaggo, ki bar mana aikin nan. Mu muka san kasuwa."

"Kun san kasuwa, ni na san gidan," in ji ta. "Wanne a cikinku ya taɓa ɗora bulo ɗaya a nan? Ku ci a wurina, ku ci a wurin mai saye, hannu baka hannu ƙwarya? Ku ja min get ɗin in kun fita."

Yadda take nuna gidan kuwa, da dillali zai gani da ya yanke jiki ya faɗi. Daga aibu take farawa. Nan yana yoyo. Wannan famfon sai an lallashe shi. Wannan tagar ba ta rufuwa sai da mari. Masu saye da yawa ba su kai kicin ba suka tuna ana jiransu a wani wuri. Ita kuwa cewa take yi mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba ta taɓa miƙa wa mutum riga ta ɓoye masa inda dutsen guga ya ƙona ba.

Abu ɗaya take bari sai a ƙarshe. A gefen gidan akwai wani siririn lungu da ya taso daga bakin titi, ya bi ta ƙarƙashin tagar kicin, ya tuƙe a katangar baya. A jikin katangar akwai 'yar ƙofar ƙarfe koriya. Bayan ƙofar kuwa gidan wata tsohuwa ne da duk layin ke kira Ta-Baya.

Ta-Baya ta yi aikin girki a makarantar kwana har ƙarfinta ya ƙare. Gidanta yana da tasa ƙofar, tana kallon wani layi dabam. To, shekarar da aka gyara titin wancan layin, sai aka ɗaga shi sama, aka haƙa ƙatuwar kwata a bakin ƙofarta, aka bar ta da matakala masu tsayi da wani katako da aka gicciya a kan kwatar. A kan matakalar nan ta zame ta karye a ƙugu. Tun daga nan sai da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu take tafiya, tana tura ta tana bi.

Mijin Ni-da-kaina mai walda ne, mutum ne da ba ya dogon zance. Wata safiya ya ɗauki guduma ya fasa katangar bayansa, ya haɗa ƙyaure ya kafa, ya ce wa Ta-Baya, "Ga hanya." Ni-da-kaina ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Ba ƙofar ta ƙi ba, rashin shawara ne ya ƙona mata rai. Daga baya ita ce ta share lungun, ta cike ramukansa don kada sandar ta maƙale.

Ƙyauren nan yana da kuka, wani ƙiii mai shiga haƙori. Kullum da safe in ya yi, Ni-da-kaina za ta leƙo ta tagar kicin.

"Ke tsohuwa, ƙofarki za ta kashe min kunne."

"To ki sa mata mai mana. Ba ke ce Ni-da-kaina ba?"

Ta-Baya kaɗai ke faɗa mata sunan ido da ido ta kwana lafiya. Shekara da shekaru suna wannan musun, kuma babu wadda ta taɓa ɗiga wa ƙofar mai. Ta lungun Ta-Baya ke fita shago, ta nan take zuwa ganin likita, ta nan take fitowa ta zauna a inuwar bakin titi ta ga mutane. Amma tun ranar da allon ya hau get, ƙofar za ta yi kuka, a yi gaisuwa a taƙaice, sandar ta wuce. Tsokanar ta mutu. Ni-da-kaina ta lura, amma ta rasa ta inda za ta taɓo zancen.

Ana haka wani mai kemis ya zo da matarsa. Yaro ne mai kunya, irin masu tube takalmi tun daga bakin ƙofa. Matar malamar makaranta ce, ba ta da yawan magana amma idonta na aiki. Suka saurari aibun gidan kaf ba su gudu ba. Mai Kemis ma dariya ya yi, ya ce bai taɓa ganin mai kaya yana kushe kayansa ba. Suka dawo, suka sake dawowa, aka yi ciniki a falo, bokiti na gefe. Sannan ta kai su lungu ta ba su labarin ƙofar.

"Wannan ƙofar ba ta rufuwa," ta ce. "Ka ji ni?"

"Haba Gwaggo, ai ba komai. Uwa ce. Ni zan ma sa wa ƙyauren mai."

Ranar Ni-da-kaina ta kira Auta a waya tana hura hanci. Ta sayar da gida, ba dillali, ba kowa. Saura ya kawo kuɗi ta miƙa masa takardu da makulli.

"Sai lauya," in ji Auta.

"Lauyan me? Wa na kashe?"

"Umma, gida za ki sayar, ba atamfa ba."

"Lauya ai dillali ne da ya yi karatu. Yaron nan ya kalli tsabar idona ya ba ni magana. In ɗauko masa lauya, me nake ce masa? Ban yarda da kai ba? Ni ba a haife ni da wannan rashin kunyar ba."

Auta ta san uwarta, ba a cin ta da gardama. Sai ta tambaye ta a hankali, sunan wa ke jikin takardar gidan. Sunan marigayi ne. Auta ta ce to mamaci ba ya sa hannu, ko ta so ko ta ƙi sai an bi ta hannun wanda ya san hanya. Ni-da-kaina ta kashe wayar ba sallama, washegari kuma ta ɗaura ɗankwali ta tafi.

Ofishin Lauya ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon buga takardu, da fanka mai rangaji da kujerun roba. Lauyar mace ce, ta manyanta, gajera, da takalmi shimfiɗaɗɗe da ya sha tafiya. Abin da Ni-da-kaina ta fara gani shi ne kalmasar siket ɗinta ta karkace. Ta ce a ranta, wadda ba ta iya zaɓen tela ba ita za ta gyara min zance.

Lauya ba ta yi mata turanci ba, ba ta kuma yi mata gaggawa ba. Ta buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Ta ce tunda gidan yana sunan marigayi, sai an samo takardar kotu da ta nuna su waye magada, kuma kowane ɗa sai ya sa hannu ya yarda, har wanda ke can nesa. Ta ce za ta je ofishin filaye ta tabbatar babu wata jingina ko rigima a kan gidan. Ta ce kuɗi ta banki za su bi, kuma makulli ba ya barin hannu sai banki ya ce sun shiga.

"Ai Mai Kemis yaron kirki ne," in ji Ni-da-kaina.

"Na yarda, Gwaggo. Yarjejeniya ai da mutanen kirki ake yin ta, don a rabu ana gaisawa. Yaushe zan zo in ga gidan?"

"Me za ki gani? Ba ga takarda ba?"

"Takarda ba ta faɗin komai da komai. Ni sai na taka da ƙafata."

Wannan maganar ta ɗan shiga Ni-da-kaina, don ita ma ba ta yanka yadi da awon da aka aiko mata a waya.

Lauya ta zo da hantsi. Ta zaga ɗakuna, ta leƙa rumfar walda da ke gaban gida, ta bi katanga tana duba zanen fili. Suna tsaye a bakin lungu sai ƙiii, koriyar ƙofa ta buɗe. Ta-Baya ta turo sandarta, ta gaishe su, ta raɓa ta wuce zuwa titi. Lauya ta bi ta da kallo har ta fita.

"Wannan baiwar Allah fa?"

Ni-da-kaina ta ba ta labari, har da gudumar marigayi, ta rufe da cewa an gama wannan maganar, Mai Kemis ya yi alkawari.

"A rubuce?"

"A baki. Bakin mutum ai shi ne mutum."

Lauya ta jingina da katanga. "Gwaggo, ban ce zai saɓa ba. Amma alkawarinsa shi kaɗai ya ɗaure. In aka yi masa canjin wurin aiki ya sayar wa wani fa? In ya ci bashin banki da gidan abin ya ƙi fa? In ta Allah ta kasance, magadansa sun ji lokacin da ya ce miki ba komai? A zanen nan babu ƙofa, katanga ce kawai. Duk wanda gidan ya faɗa hannunsa, buhun siminti ɗaya ya ishe shi ya toshe ta, kuma babu kotun da za ta ce masa don me."

Ni-da-kaina ta kalli koriyar ƙofar. Ita duk tunaninta a kan fuskar yaron ya tsaya, ba ta taɓa hango fuskar wanda zai zo bayansa ba. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, to a rubuta.

Aka haɗu a ofis, ita da Auta, Mai Kemis da matarsa. Lauya ta karanta yarjejeniyar tiryan-tiryan, kowa na gyaɗa kai, har ta iso wurin da ya ce gidan baya yana da haƙƙin wucewa ta lungun, kuma haƙƙin yana bin gidan ko a hannun wa yake. Mai Kemis ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur. Matarsa ce ta yi magana.

"Gwaggo, ki gafarce ni, gara in faɗa yanzu. Mun sayi gidan ne don mu fitar da shagon magani, mu huta da haya. A bakin lungun nan muka yi niyyar gina shi. Ba bana ba, amma za mu gina. Kuma tagar kicin ɗina a lungun take. Tsohuwar nan ban ƙi ta ba, wallahi. Amma in aka ce har abada, gobe ban san wa zai gaji gidanta ya riƙa ratsa min gida ba."

Ni-da-kaina ta juya ga Mai Kemis. "Kai kuma da ka ce min ba komai?"

"Har zuciyata na faɗa, Gwaggo. Na ɗauka in lokacin ginin ya zo za a san yadda za a yi."

Za a san yadda za a yi! Kai, jama'a. Da wannan kalmar aka rufe ƙofofi nawa a duniya? Ba mugu ba ne, ko kusa. Kunya ce ta sa ya amsa, kunya ce kuma ta hana ta tambaya, da an bar su su biyu da kunyar nan ta toshe tsohuwa a cikin gida kowa yana ganin ya kyauta. Suka ce a ba su lokaci su yi shawara, suka fita sumui-sumui.

Ni-da-kaina ta sauke fushinta a kan wadda ke kusa. "Kin gani ko? Ciniki na lafiya lau kin zo kin yamutsa shi. Dama na faɗa."

"Ramin yana nan tun kafin in zo, Gwaggo," in ji Lauya. "Ni tabarmar kawai na ɗaga."

Ni-da-kaina ta figi jakarta. A hanya Auta ta gaya mata mai ɗan gidan can ya fara ƙorafi, wai akwai wani mai so.

Zance ba ya ɓuya a layi. Washegari ƙofar ta yi kuka, Ta-Baya ta tsaya a ƙarƙashin tagar kicin, ba ta ɗaga kai ba.

"Na ji abin da ake ciki. Ki sayar da gidanki, kada ki ɓata cinikinki a kaina. Ina da ƙofata."

"Wace ƙofar? Wadda ta karya ki?"

"Ina ruwanki? Mijinki ya yi min alheri, Allah ya ji ƙansa, na ci arziki iya ci. Ba a kaina za ki tsufa kina tarar ruwa a bokiti ba."

Ta juya ta koma, ba ta ma fita titin ba. Kwana ya wuce, wani ya wuce, ƙofar ba ta yi kuka ba. Ni-da-kaina ta zauna a kan keke, ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinka shi a baibai. Ta tashi ta tura koriyar ƙofar ta ji an sa sakata ta ciki. Sai ta zura takalmi ta zagaya ta wancan layin, tafiyar da ta manta rabon da ta yi ta.

Tun daga nesa ta hango ta. Ta-Baya na tsaye a gindin matakalar, ta ɗora ƙafa biyu na sandar a kan tudun farko, sauran biyun na lilo a iska. Gumi ya jiƙa mata wuya. Tana so ta ɗaga ƙafa, ƙugun ya ƙi. A sama kuma ga katakon nan a kan kwata, ya rube ta gefe ɗaya. Gwaji take yi, ita kaɗai, don ta saba kafin a toshe.

"Ke! Sauka! Sauka na ce, tsohuwar banza, so kike ki kashe ni?"

Yadda Ni-da-kaina ta haye katakon nan da gwiwoyinta masu ƙara, ita ma ba ta sani ba. Ta riƙo ta, suka zube a kan dakalin ƙofa su biyu suna haki. Ta-Baya ta fara faɗa, muryar ta karye. Ni-da-kaina ta yi kuka, kukan da ba ta yi a gaban kowa ba tun rasuwar mijinta. Ta ji tsoro, ta kuma ji kunyar kanta, don saura ƙiris ta tafi ta bar ƙawarta da "ba komai".

Ko gida ba ta koma ba, ta wuce ofis. Ta zauna a kujerar roba, ta ajiye jaka a cinya.

"'Yata, na zo da kaina. Na yi miki rashin kyauta, ki yafe. Ban iya wannan ɗinkin ba. In fasa sayarwar ne, in fasa."

Lauya ta tura mata ruwa, ta jawo zanen filin. Ta ce fasawa ba ta warware komai, don gidan wata rana sai ya bar hannunta ko ta sayar ko ba ta sayar ba. Ta ce tun ranar nan take juya abin. Ta ɗora biro a kan zanen, ta ja layi siriri daga titi zuwa katangar baya.

"Wa ya ce dole ki sayar da shi duka? A yanke lungun a fitar da shi daga cinikin. Su sayi gida, lungu ya zauna da sunanki. A ja katanga tsakani, a ɗaga tagar kicin sama, matar ta samu sirrinta. Shago kuma ga rumfar walda a gaba, ta fi bakin lungun faɗi, tana kallon titi."

Ni-da-kaina ta ƙura wa layin ido. Sau nawa ta fitar da ƙyalle daga gefen yadi riga ba ta lalace ba?

"Ana yin haka?"

"Ana yi, amma ba kyauta ba. Sai safiyo ya zo ya auna, a yi sabon zane, ofishin filaye su amince, kuma ba sa sauri. Kuɗin gidan zai ragu tunda filin ya ragu. Sannan zan rubuta wa gidan baya haƙƙin wucewa a kan lungun, a yi masa rajista, yadda ko magadanki ba su isa su rufe ba."

"Har 'ya'yana? Ni na haife su fa."

"Har ke kanki, Gwaggo, in kuka yi faɗa."

Ni-da-kaina ta buɗe baki za ta yi masifa, sai dariya ta ƙwace mata. "Kullum sai mun yi. Rubuta."

Ba a sha da sauƙi ba. Mai Kemis ya kai takardun wurin nasa lauyan, don Lauya ce da kanta ta ce ya yi hakan, kada ya dogara da lauyar mai sayarwa. Matarsa ta zo ta tsaya a rumfar walda tana auna ta da ido, ta ce a gaskiya nan ya fi. Safiyo ya zo da na'urarsa, Ni-da-kaina na biye da shi da tef ɗin ɗinki a wuya, ta sa aka kawo sandar Ta-Baya aka gwada, ta ce a ƙara faɗin yadda ko keken marasa lafiya zai wuce, don tsufa gaba yake yi. Babban ɗanta da ke nesa ya yi ta ƙorafi a waya kan ragin kuɗin, ta ce masa lokacin da ubansa ya ɗauki guduma bai nemi izininsa ba, ya sa hannu ya bar surutu. Ofishin filaye suka yi ta cewa a dawo. Ɗan gidan da Auta ta samo kuwa ya tafi, wani ya riga su. Wannan ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Daga baya aka samu wani, ɗaki ɗaya da falo, ya fi wancan ƙanƙanta, keken ɗinkin ma a falo ya samu wuri.

Ranar sa hannu ta zura tabarau ta sa Lauya ta karanta mata sakin layin lungun sau biyu. Banki ya tabbatar kuɗi sun shiga, sannan ta zaro makullai daga jaka ta miƙa wa matar Mai Kemis, ta gaya mata famfon sai da lallashi. Da kowa ya watse ta ajiye wata leda a teburin Lauya.

"Siket ne. Da ido na auna ki. Wancan telan naki ki rabu da shi, zalunci yake yi miki."

Yanzu kusan duk mako sai ka gan ta ta sauko daga mota a bakin tsohon layinsu, da 'yar kujera mai naɗewa a hannu. In an tambaye ta ina zuwa, sai ta ce, "Filina na zo dubawa." Fili kuwa ko tabarma ba za a shimfiɗa a cikinsa a gicciye ba. Takan gaisa da Mai Kemis a sabon shagonsa, inda rumfar walda take a da, ta shige lungunta tana duba ko an yar mata da shara.

Zuwanta na farko bayan tashi, ta tura koriyar ƙofar, ƙyauren ya ƙwala ƙiii ɗinsa kamar kullum. Ta-Baya na zaune a tsakar gida, ta riga ta ɗora ruwan shayi, kofi biyu a gabanta.

"Wai yaron nan ba ya ce zai sa wa ƙofar nan mai ba?" in ji Ni-da-kaina. "Ashe shi ma baki ne kawai."

"Ya zo da mansa har nan," Ta-Baya ta ce, tana tura mata kofi. "Ni na kore shi. In ba ta yi kuka ba, ta yaya zan san kin zo?"